Daga Salga Zuwa Sokawe: Waiwaye Kan Ramin Bayan Gida a Mashi

Duk wanda ya tashi a tsohon gida a Mashi ya san inda salga take ko da an rufe masa ido. Can ƙuryar gida take, bayan ɗakin ƙarshe, an kewaye ta da zana ko guntuwar katanga, ba a nufar wajen sai da buta a hannu. Sunayenta ma duk na kunya ne: bayi, makewayi, ban-ɗaki, bayan gida. Bahaushe ba ya son kiran abin da sunansa, kuma kunyar nan ta yi mana rana ta wani gefen, ta cuce mu ta wani. Ta koya mana sutura. Amma kuma ita ce ta sa magidanci zai zauna da birkila su ɓata awa guda suna lissafin tayil da fenti da ƙofar falo, a bar zancen rami sai aiki ya zo ƙarshe, kuɗi sun ƙare, sannan a ce wa leburori su haƙa a duk inda fili ya rage.

Abin da ya tayar mini da zancen nan wani gida ne na dangi da na kai wa ziyara a sabuwar unguwa ta bakin gari, bayan babbar salla. Gida ne mai kyau, na bulo da kwano, ga tankin ruwa a sama. Maigidan ya zaga da ni yana nuna mini ko'ina, har muka iso inda aka haƙa masa rijiyar burtsatse. Na taka daga bakinta zuwa murfin sokawe, na ƙirga taku bakwai. Na ce, "Yaya, wa ya zaɓa maka wurin nan?" Ya ce, "Ai nan ne kawai motar haƙar ta iya shigowa." Ban ga laifinsa ba. Babu wanda ya taɓa gaya masa akwai tazarar da ake bari, babu kuma ma'aikacin da ya leƙo kafin a haƙa ko bayan an haƙa. Tun ranar nake ta tunanin yadda aka yi muka iso nan.

Salgar kakanninmu busasshen rami ne. Da rani ake haƙa ta, mai zurfi, mai ƙaramin baki. A jera azara ko itace mai ƙwari a kai, a daɓe da ƙasa, a kafa bakin tsohon tulu a tsakiya, a samo murfi a rufe. Idan wari ya tashi ko ƙuda ya yi yawa, uwargida ta kwaso toka daga murhu ta zuba. Ruwan da ke shiga ramin bai wuce na buta ba, domin ruwan wanka da na wanke-wanke hanyarsa daban, ta rariya yake fita ya faɗa kwatami. Ruwa kuwa a ƙasar nan abu ne mai daraja, da guga ake jawo shi, a ka ake ɗauko shi. Ƙasar da tarihinta ya ɗauko daga rijiyar Kusugu ta Daura, wadda labari ya ce sai ranar Juma'a ake samun ɗiba, ba ta buƙatar a koya mata tattalin ruwa. Saboda haka rami ɗaya kan yi shekaru da yawa bai cika ba. In ya cika, a toshe shi da ƙasa, a matsa gefe a haƙa sabo, don fili ba abin damuwa ba ne a lokacin. Bayan 'yan shekaru abin da ke cikin tsohon ya zama baƙar ƙasa marar wari, wasu su dasa itace a wurin, wasu su kwashe su kai gona.

Akwai masu cewa sunan salga daga Salaga ya samo asali, wato babbar kasuwar goron nan ta ƙasar Gwanja, a Gana ta yau, inda fatakenmu suka yi ta kai da kawowa. Yarabawa kuma suna kiran irin wannan rami "shalanga", kalmar da ake ganin daga bakin Hausawa suka karɓa. Ko ma yaya ne, abin ya daɗe a hannunmu, ba Bature ya kawo mana shi ba.

Kada dai a ɗauka zamanin nan na da ba shi da aibu. Salga ta gidan masu hali ce da gidajen cikin gari, musamman inda ake kulle. A ƙauyuka da rugage, mafi yawan mutane daji suke shiga, ko su zaga bayan gari, yara kuma su tsuguna a juji ko a bakin kududdufi. Da rani rana ta busar, iska ta kwashe. Da damina ruwa ya wanke komai ya tara a kududdufin da ake wanki da shayar da dabbobi, wani lokaci har ya gangara rijiyar da ba ta da ginannen baki. Gudawa da tsutsar ciki sun ci yara ba adadi, ana cewa haƙori ne ko iska. Addini kuwa tun farko bai yi shiru ba. Babin tsarki na cikin abin da almajiri ke fara karantawa a Ahalari da Ishmawi, kuma kowane malamin zaure ya san hanin da ya zo game da yin bahaya a kan hanya, ko a inuwar da mutane ke hutawa, ko a mashaya. Ilmin yana nan, abin da babu shi ne mai bin gida-gida ya ga ko ana aiki da shi.

Wannan mai bin gida-gida da mulkin Turawa ya zo. Sun ci Katsina a 1903, ba da daɗewa ba Sarki Dikko ya hau gadon sarauta, aka tsara mulkin En'e da baitulmali da ma'aikata masu albashi. A 1917 aka kafa dokar kiwon lafiyar jama'a a Nijeriya. Gaskiya ita ce, damuwar Bature ta farko ransa ne. Shi ya sa aka ware masa bariki, aka ce a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin mazauninsa da na 'yan ƙasa, don kada sauron da ya ciji baƙar fata ya kai gare shi. A bariki da sabon gari har masai na bokiti aka yi, wanda leburori da fursunoni ke kwashewa. Sai daga baya hankali ya koma kan garuruwan talakawa, aka buɗe makarantar koyon aikin tsafta a Kano a 1932, inda En'e-En'e na Arewa suka riƙa tura yaransu. Waɗanda suka fito daga can su ne jama'a suka laƙaba wa suna duba-gari.

Tambayi duk wani dattijo a Mashi ko Majigiri ko Doguru, zai ba ka labarin duba-gari. Idan aka ji ya shigo unguwa, sai ka ga mata na ta shara, ana juye tsohon ruwan randa, ana neman murfin salga. Yakan leƙa randa ya ga ko da 'ya'yan sauro, ya duba kwatami, ya duba turke, ya je mahauta ya duba nama, ya bi masu abinci a kasuwa. Wanda ya kama da ƙazanta sai sammaci, sai gaban alƙali, sai tara. Ƙarfinsa ba daga kakin da ya sa yake ba. Bayansa akwai mai unguwa, bayan mai unguwa akwai dagaci, bayan dagaci akwai hakimi, wanda a Mashi shi ne Iyan Katsina, daga nan sai fadar Sarki. Shigar namiji baƙo gidan kulle ta jawo ƙorafi, shi ya sa daga baya aka riƙa ɗaukar mata a aikin. Ba zan wanke su duka ba. An yi masu karɓar na goro su kau da kai, an yi masu huce haushinsu a kan talakan da ba shi da kowa, kuma tsoro ya fi fahimta yawa a cikin biyayyar da aka yi musu. Duk da haka akwai abu guda da ba a iya ƙwace musu: a zamaninsu hukuma ta san inda ramin kowane gida yake.

Shekarun 1970 su suka sauya komai, ta fuska uku a lokaci guda. Cutar kwalara, wadda muke kira amai da gudawa, ta shigo Nijeriya a ƙarshen 1970, kuma a 1971 kaɗai ta kama kusan mutum dubu 23, ta kashe kusan dubu 3. A 1976 aka yi wa ƙananan hukumomi garambawul, mulkin En'e ya kau, duba-gari ya koma ƙarƙashin sashen lafiya na ƙaramar hukuma, igiyar da ta ɗaure shi da hakimi da alƙali ta saki. Sannan kuɗin man fetur suka kawo siminti da rodi da famfo, aka fara gina gidajen ma'aikata da makarantu da asibitoci masu masai na ruwa. Daga nan 'yan kasuwa da alhazai suka ɗauka, har ya zama gidan da ba shi da masai na zamani bai cika gida ba.

A nan ne nake ganin muka yi babban tuntuɓe, kuma tuntuɓen a kan suna ne. Masai na ruwa yana tafiya da wata dabara da wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras ya gano wajen 1860, ya yi mata rajista a 1881, sannan Donald Cameron ya inganta ta a birnin Exeter na Ingila a 1895. Dabarar rami biyu ce, kowanne da aikinsa. Na farko tanki ne rufaffe, an yi masa daɓen kankare a ƙasa, an shafe bangonsa da siminti ciki da bai don kada ya yi yoyo, an raba cikinsa gida biyu. Abin da ya fito daga ban-ɗaki nan yake fara sauka ya kwanta. Mai nauyi ya nutse ƙasa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama, wasu ƙwayoyin halitta da ke rayuwa inda babu iska su yi ta cin lakar suna rage ta. Ruwan tsakiya, wanda ya ɗan tace, shi ne ke bi ta bututu ya wuce rami na biyu. Wannan na biyun shi ne sokawe na gaskiya: an yi masa gini mai ƙofofi ko an cika shi da duwatsu, domin ruwan ya riƙa tsiyaya cikin ƙasa sannu a hankali, ƙasa ta ƙarasa tace shi.

Mu kuwa sai muka haɗa biyun muka kira su da suna ɗaya, daga nan aikin ma ya koma ɗaya. Je ka tsaya inda ake sabon gini ka gani. Sau da yawa rami guda za a haƙa, a zagaye shi da bulo, a bar gindinsa a buɗe, a zuba masa silab a kai, a ce an yi sokawe. Wani ma da gangan yake cewa a zurfafa har a kusa cim ma ruwa, wai don kada ya taɓa cika. Wannan salga ce da aka sa wa rigar siminti, sai dai ta fi salgar da haɗari nesa ba kusa ba. Ta da buta ɗaya take sha, ta yanzu kuwa kowane zuwa sai an kora mata bokiti guda ko fiye, ga ruwan wanka, ga na wanki, duk an haɗa an tura mata. Najasar da a da take zaune wuri ɗaya tana bushewa, yanzu ta samu abin hawa. Ƙasarmu ta arewacin Katsina kuma jigawa ce mai yashi, ruwa ba ya wahalar ratsa ta.

Gwamnatin Janar Muhammadu Buhari, mutumin Daura, ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a watan Maris na 1984, kuma a Yulin 1985 aka buɗe babin tsaftar muhalli na shirin a Kano. Daga nan muka gaji sharar Asabar ɗin ƙarshen wata. An kwashe bola, an yashe lambatu, gari ya yi kyan gani. Amma tsintsiya iyakarta abin da ido ke gani. Aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, garuruwa irin su Mashi, da ke kan hanyar Katsina zuwa Daura, suka ci gaba da faɗaɗa, har ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar na da mutum fiye da dubu 170. Kwalara kuwa ba ta daina dawowa ba. A 1991 ta kashe fiye da mutum 7,600 a ƙasar nan, a 2010 fiye da 1,700, a 2021 kuma fiye da 3,600 daga cikin sama da dubu 111 da ake zaton sun kamu. A waɗannan biyun na baya Katsina na cikin jihohin da suka fi jin jiki.

Alaƙar rami da rijiya ba sabon ilmi ba ne. A 1854 kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta birnin Landan. Wani likita, John Snow, ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano kusan dukkansu daga famfo guda suke sha, na titin Broad Street, ya sa aka cire hannun famfon. Da aka tona daga baya, sai aka tarar da wani tsohon ramin masai yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar bai kai mita ɗaya ba, kuma a cikinsa aka zuba ruwan wankin tsumman wata jaririya da ta kamu da cutar. Mutanen unguwar suna yabon ruwan famfon nan, don garau yake, ga daɗin sha.

Wannan batu na ruwa garau ya kamata malamanmu su taya mu bayyana shi. A fiƙihun da muka karanta, ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa kafin a ce ya halatta a yi tsarki da shi. Hukuncin ibada ke nan, kuma yana nan daram. Amma ƙwayar kwalara da ta taifot da ta shawara ba sa sauya launi, ba sa sauya ɗanɗano. Ruwa na iya cika sharuɗɗan alwala, ya kuma kwantar da yaro a asibiti. Da yawa daga cikinmu mun ɗauki hukuncin farko mun yi masa fassarar da ba tasa ba, muna cewa tunda ruwan burtsatse fari ne tas, ai lafiyayye ne.

Ma'aunin da masana tsafta suka fi yin aiki da shi shi ne a bar mita 30, kusan ƙafa 100, tsakanin ramin bahaya da inda ake ɗiban ruwan sha, gindin ramin kuma ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa ke kaiwa da damina, ramin kuma ya kasance ta gangare, rijiya ta tudu. To yanzu a yi lissafi. Fulotin da ake yankawa ƙafa hamsin-hamsin, ko daga kusurwa zuwa kusurwa ka ja igiya, ba ta wuce ƙafa 71. Mai hamsin da ɗari ne ma yake ɗan haura ɗari, shi ma sai in rijiya na wannan lungu rami na wancan. Ga kuma gidajen gado da ake ta rabawa, gida ɗaya ya koma huɗu, kowanne da raminsa. Ko ka yi naka daidai, ba ka san abin da ke bayan katangar maƙwabcinka ba, wataƙila rijiyarka da sokawensa bulo ɗaya ya raba su. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Wannan matsala ta fi ƙarfin magidanci shi kaɗai, tana buƙatar wanda ke da ikon shiga gidajen biyu ya ce wa wannan matsa nan, ya ce wa wancan dakata. Aikin duba-gari ke nan, kuma daidai lokacin da aka fi buƙatarsa ne ƙafarsa ta ɗauke daga gidajenmu.

Ba wai an zauna ba a yi komai ba. Wajen shekarar 2000 wani masani ɗan Indiya, Kamal Kar, ya fito da wata hanya a Bangaladash, inda ba a raba wa mutane kuɗi ko siminti, sai dai a tara su a zaga gari tare, su ga inda suke bahaya da idonsu, su ga ƙudan da ke tashi daga can ya sauka a kan tuwo, har su da kansu su yanke shawarar kowa ya haƙa masai. Hanyar ta iso Nijeriya, kuma daga 2010 Katsina na cikin jihohin farko da UNICEF ta yi aikin da su tare da hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara ta jiha. A Nuwamban 2019 Shugaba Buhari ya sa hannu a kan umarni mai lamba 009, da nufin kawo ƙarshen bahaya a fili a 2025. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna har lokacin kusan mutum miliyan 48 ba su daina ba. A 2022 Jigawa ta zama jiha ta farko da aka ba shaidar ta rabu da wannan ɗabi'a, ƙananan hukumomin Katsina da dama su ma sun karɓi tasu. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma matan karkara, waɗanda a da sai duhu ya yi suke iya fita, su suka fi kowa sanin darajarsa.

Sai dai duk wannan ƙoƙari ƙidayar ramuka yake yi. Ramin da aka haƙa cikin yashi ba gini, marka ɗaya ta watan Agusta kan rufta da shi, in ba a sake wani ba a koma gidan jiya. Wanda bai rufta ba kuma wata rana zai cika, yanzu kuwa babu filin da za a matsa gefe. A Kano masu yashe masai da hannu suna kiran sana'arsu "gidan kowa da akwai", kuma ban san sunan da ya fi wannan faɗin gaskiya ba. Su ne ke shiga inda kowa ke gudu, galibi da dare, da bokiti da shebur da garwa, ba safar hannu, ba takalmin roba, sannan gari ya waye a ƙi ba su hannu. Mai hali ya kira motar zuƙa. Tambayar da ba mu cika yi ba ita ce: in an kwashe, ina ake kaiwa? Sau da yawa bayan gari ne, ko tsohon kududdufi, ko gonar wanda ya roƙa don taki. Taki ne mai kyau, babu musu, manoman kewayen Kano sun daɗe da sanin haka. Amma ɗanye guba ne, domin ƙwan tsutsar ciki na daɗewa bai mutu ba. Sai an bar shi a rufe kamar shekara biyu kafin ya zama abin da hannu zai taɓa. Masana na ba da shawarar rami biyu da ake amfani da su bi da bi, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Abin da kakanninmu ke yi ke nan da suke toshe tsohuwar salga su haƙa sabuwa.

Wanda ya riga ya gina sokawensa, akwai abin da ke hannunsa. Tankin nan da rai a cikinsa, ƙwayoyin da ke cin laka su ne ma'aikatansa, kuma baƙin mai da kananzir da ruwan batir da wasu ke zubawa wai don ramin ya sauka kashe su suke yi, sannan su bi ƙasa su nufi rijiya. Leda da famfas da audugar mata da tsumma ba sa ruɓewa, su ke toshe bututu, su ke cika rami kafin lokacinsa, don haka a ajiye kwandon shara mai murfi a ban-ɗaki. Ruwan indararo kada ya shiga, ruwan wanki ma in da hali a yi masa nasa ramin. Wajen zuba silab a bar ƙofa mai murfi da za a iya ɗagawa, maimakon a shafe ko'ina sai ranar da abu ya ɓaci a zo ana fasawa da guduma. Sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, a zura doguwar sanda a ga kaurin lakar. In ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin tankin, lokacin yasa ya yi. A ƙasashen da gida bai wuce mutum huɗu ko biyar ba, shekara uku zuwa biyar suke ɗauka, gidan mutum ashirin kuwa ba zai kai haka ba. In an zo yasa a rage 'yar laka kaɗan a gindi, ita ce irin da za ta ci gaba da aiki. Kada a ajiye mota a kan silab, kada a dasa bedi kusa, don saiwarsa na bin danshi ta fasa gini. Mai salgar gargajiya kuma ya sa mata dogon bututun iska da raga a bakinsa, dabarar da Peter Morgan ya fito da ita a Zimbabuwe a shekarun 1970: wari ya bi sama, ƙudan da ya bi haske ya maƙale a raga ya mutu.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon kowa da girman Allah. Kada wanda ya shiga ramin masai don waya ta faɗa, ko kuɗi, ko don a ga abin da ya toshe. Iskar da ke taruwa a ciki tana sumar da mutum cikin daƙiƙoƙi, wata kuma tana kamawa da wuta in an haska ashana. Sau nawa muke jin sanarwar 'yan kwana-kwana a rediyo, ɗaya ya shiga bai fito ba, ɗan'uwansa ya bi shi ceto, na uku ya bi na biyu, a fito da gawa uku daga gida ɗaya? Babu wayar da ta kai wannan.

Ta fuskar doka kuwa, ba a rasa ta ba. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin ban-ɗakunan jama'a da kwashe shara da najasa. A 2002 aka kafa majalisar da ke yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista, wato duba-garin zamani, kuma makarantun koyon aikin lafiya na Kankiya da Daura suna nan suna yaye ɗalibai. Jami'in yana da ikon shiga gida ya duba, ya ba da takardar gargaɗi da wa'adin gyara, in an ƙi ya kai kotu. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. A ganina, in har kuɗin sun iso, kaɗan ne daga cikin ayyukan da za su fi wannan amfani da araha: a ɗauki duba-gari isassu, maza da mata, a ba su babura, a ware fili nesa da gari da rijiyoyi inda za a riƙa binne abin da aka yaso, a yi wa masu yasa rajista a ba su kayan kariya, a kuma hana motar haƙar burtsatse kafa ƙarfenta a gida sai jami'i ya zo ya auna. Ba duba-garin tsoro da tara nake kira a dawo da shi ba. Wanda muke so shi ne mai zuwa tun ana fitar da harsashin gini, da igiyar awo a hannu, mai unguwa na gefensa, lokacin da gyara bai wuce a matsar da turaku ba.

Shi dai yayan nawa ya daina shan ruwan rijiyarsa sai an tafasa, yana kuma tara kuɗin da zai sake ginin tankinsa a shafe gindinsa. Kai ma mai karatu, kafin ruwan bana ya sauka, samo igiya ka auna daga bakin rijiyarka zuwa ramin da ya fi kusa da ita, naka ne ko na maƙwabci. In bai kai mita 30 ba, a riƙa tafasa ruwan sha ko a sa masa kulorin, sannan ka taka zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma ka ce duba-gari ya zo ya gani.